Ruwa Garau, Kifi Na Mutuwa

Ranar Asabar ce cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Da hantsi na shigo gida da akwatin gilashi a bayan mota, da ledoji huɗu ɗaure da roba, kowace da ruwa da kifaye a ciki. Kafin la'asar na wanke tsakuwa, na cika akwatin da ruwan famfo, na jona matacin ruwa da fitila, na juye kifayen. Guda 18 ne: kifin gwal 6, wanda masu sayarwa ke kira golfish, ƙananan gofi masu faffaɗar jela 10, sai fileko 2, mai baki kamar kofi da ke liƙe wa gilashi yana lasa.

Alƙawari ne na cika. 'Yata mai shekara 8 ta ga irin wannan akwati a ɗakin jira na wani asibiti, tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba. Na ce mata idan ta kai izu biyar zan saya mata. Ta kai, na saya. A daren nan har maƙwabta suka shigo kallo.

Akwatin tsawonsa santimita 60, faɗinsa 30, tsayinsa 35. In an ninka, lita 63 ke nan. In aka cire tsakuwa da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce jarka biyu ta mai garuwa da ɗan ɗoriya ba. A lokacin ban yi wannan lissafi ba. Na dai tambayi mai shagon ko zai ɗauki kifayen, ya ce, "Alhaji, ai ko talatin zai ci." Da na duba ƙanƙantarsu sai na ga kamar gaskiyarsa.

A rana ta uku ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Na ɗauka datti ne. Na kwashe kifayen a roba, na zubar da ruwan duka, na wanke tsakuwar, na cire soson da ke cikin matacin na murje shi tas a ƙarƙashin famfo, na mayar da komai. Ruwa ya koma garau, hankalina ya kwanta. Bayan kwana biyu, da na fito sallar asuba, na tarar da kifayen duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu roƙon iska, gofi biyu kuma na kwance a kan tsakuwa. Washegari wani ya bi su. Ɗaya daga cikin kifin gwal ya soma zama a kusurwa, fuka-fukansa a naɗe, da jan zane-zane a jelarsa kamar jijiyoyin ido.

Na koma shagon. Ya ce ciwo ne, ya ba ni wani shuɗin magani a 'yar kwalba ya ce in ɗiga. Na ɗiga, ruwan ya koma kamar bula, mutuwa ba ta tsaya ba. Kafin kwana goma su cika na rasa bakwai. 'Yata ce ke tona musu rami a gindin zogale. A rana ta tara ta ce da ni, "Abba, ko ba sa son gidanmu ne?" Ban iya ba ta amsa ba. Abin da ya riƙa dawo mini a rai shi ne hadisin matar nan da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Ni na ciyar, har fiye da ƙima ma. Amma ni na ɗauko su na rufe a gilashi, ba su da wata mafita, duk abin da ke cikin ruwan nan ni ne sanadinsa.

Maman yara ce ta ce in kira yayanta. Ya yi karatun kiwon kifi a kwalejin New Bussa da ke Jihar Neja, yana da tafkunan tarwaɗa a bayan gari, a tsakar gidansa kuma akwai tankin siminti da yake ajiye kifin ado. Ya zo bayan isha'i, ya tsaya gaban akwatin ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya sunkuya ya shinshina ruwan.

"Ka auna shi?"

Na ce, "Yaya, ai ruwan fes yake, ga shi kana gani."

Ya ce, "Gubar da ke kashe su ba ta da launi. Gobe zan zo da kayan awo. Daga yanzu kada ka ƙara ba su abinci, kuma a daren nan mu kwashe rabin ruwan."

Abin da ya zo da shi washegari ɗan kwali ne na kamfanin API, da kwalaben ɗigo da siraran bututun gilashi masu alama a mililita 5. Ya ɗebi ruwan akwatin, ya ɗiga takwas daga kwalba ɗaya, takwas daga ta biyu, ya girgiza, muka jira minti biyar. Da ruwan lafiya yake, da rawaya zai tsaya. Sai ya rikiɗe ya zama kore shar. Ya kara shi da katin launuka ya ce tsakanin 2 da 4 ne, wato miligiram na amoniya a kowace lita, kuma wannan bayan mun canza rabin ruwan jiya. Abin da ake so shi ne sifili.

A nan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata in nema kafin in sayi ko da kifi ɗaya. Kifi na fitar da amoniya dare da rana, mafi yawanta ta jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa, wanda yake numfashi da shi. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a tsakuwa su ma amoniya suke zama. A kogi ruwa na tafiya da ita. A akwati ba ta da inda za ta, sai ta dawo ta ƙone wannan jan naman, kifi ya kasa shaƙar iska ko da iskar na nan. Kuma kaifinta ya danganta da ruwan: in ruwa ya yi ɗumi, ko ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwa-kanwar ruwa, ya yi sama, kason da ke da guba na ƙaruwa. Daga pH 7 zuwa 8 kusan ninki goma ne. Nawa ruwan 7.8 ya nuna, zafinsa kuma digiri 31. Ruwan ɗumi kuma dama ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Abubuwa uku suka haɗu a kansu.

Abin da ke ceton kifi a akwati, in ji shi, wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Wani rukuni na cin amoniya ya mayar da ita naitirayit, wadda ita ma guba ce. Rukuni na biyu ya ci naitirayit ya mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa, tsirrai kuma su sha. Ya ce tun wajen 1890 wani masanin Rasha, Sergei Winogradsky, ya gano waɗannan halittu a cikin ƙasa. Su ne ke aiki a gona ana zuba taki. Na farkon ana kiransu Nitrosomonas, na biyun kuma da aka fi samu a akwatin kifi Nitrospira. Ba sa yawo a cikin ruwa, liƙewa suke a jikin soso da tsakuwa, inda ruwa mai iska ke wucewa. Ga su da jinkirin haihuwa: wasu bakteriya na ninkuwa cikin minti 20, su kuwa sai su ɗauki kusan yini. Shi ya sa sabon akwati ke buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ya "nuna", kamar yadda ya faɗa. Masu sani sukan bar akwatin ba kifi, suna jefa ɗan abinci ya ruɓe ko suna ɗiga amoniya, har sai awo ya nuna ƙwayoyin sun kafu.

Sai na gane abin da na yi. Farin da ruwan ya yi a rana ta uku wasu bakteriya ne na daban da suka yi yawa a sabon ruwa, da na bar shi da ya washe da kansa. Soson da na murje a famfo shi ne gidan da masu amfanin suka fara kafawa, kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, ya kashe su. Shuɗin maganin nan, metilin bulu, yana da amfaninsa a wurin da ya dace, amma shi ma yana kashe su. Sau biyu na rushe abin da zai ceci kifayen, da hannuna, ina ganin gyara nake.

Magana ta biyu ta fi wuya. Ya nuna kifin gwal ya ce waɗannan jarirai ne. Irin mai doguwar jiki yakan kai santimita 25 ko fiye, yakan yi shekara goma zuwa sama, kuma ba shi da tsara wajen ci da kashi. Asalinsa daga Sin ne, inda aka fi shekara dubu ana kiwonsa a tafkuna, kuma ruwa mai ɗan sanyi ya fi so. Fileko, ɗan kogunan Kudancin Amurka, yakan wuce santimita 30, rabin tsawon akwatina ke nan, kuma ba ya cin kashin kifi kamar yadda ake cewa, nasa ma yake ƙarawa. Ya ce ko da ƙwayoyin sun kafu, wannan ɗan soso ba zai iya da dattin waɗannan kifaye ba in sun girma. Ba girman kifi na yau ake dubawa ba, girman da zai kai ake dubawa.

Kifin gwal biyar suka rage, da fileko biyu, da gofi huɗu. Ya ce zai tafi da bakwai ɗin tankinsa na siminti mai lita sama da dubu, ya bar mana gofi.

'Yata ta fashe da kuka. Akwai wani mai fari a goshi da ta fi so. Ya durƙusa ya ce mata, "In kika riƙe shi a nan zai mutu, in ya je gidana duk Juma'a za ki gan shi, ke za ki ba shi abinci. Zaɓi." Ta daɗe tana share ido, sannan ta ce, "Kawu, ka tafi da shi." Ita ta riƙe ledar har bakin mota.

Ya bar mini kayan awon, ya yanko mini wani ɓangare na tsohon soso daga matacin tankinsa, baƙi ƙirin da laka, ya kawo shi a leda da ruwan tankin don kada ya bushe a hanya. Ya ce in cusa shi a matacina yadda yake, kada in wanke. Wannan lakar ita ce irin shuka.

Daga nan aiki ya fara. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja layi huɗu: rana, amoniya, naitirayit, ruwan da na canza. Kowace safiya bayan asuba in yi awo. In ɗaya daga cikin biyun ya kai 0.5, in kwashe kashi uku cikin goma na ruwan, in ya kai 1 in kwashe rabi. Na sayi sabon bokiti da tiyo na kifi kaɗai, na rubuta a jiki da fenti, don ɗigon omo ɗaya ya isa ya yi ɓarna. Da tiyon nake zuƙo dattin da ke tsakanin tsakuwa. Ruwan da zan zuba kuwa tun dare nake tara shi a ɗakin, don zafinsa ya daidaita da na akwatin. In na famfo ne in ɗiga maganin kashe kulorin. Ajiye ruwa ya kwana na sa kulorin ya tashi, amma akwai wani nau'i, kuloramin, da ba ya tashi ta haka, don haka ban dogara da kwana kaɗai ba. Abinci kuma sau ɗaya a kwana biyu, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Wannan ya fi komai wahalar da yara, don kifi kullum kamar mayunwaci yake in ka matso. Sai da na ɗora gwangwanin abincin a saman kabet.

Makon farko kusan kullum sai na canza ruwa. A rana ta tara da fara awon amoniya ta fara sauka ba da canji ba, koren ya dushe yana komawa rawaya. Na yi murna, na kira Yaya. Ya ce in auna ɗayar, wato naitirayit. Na ɗiga biyar, shuɗin sararin samaniya ya juye ya zama shunayya. Ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu.

Naitirayit ta fi ba ni tsoro, don ita jini take shiga. Tana lalata abin da ke ɗaukar oksijin a jinin kifi, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe a tsakiyar ruwa mai iska. Yaya ya ce in narka gishiri, cokalin shayi ɗaya ga kowace lita 10, domin kuloraid ɗin gishiri na tare mata hanyar shiga jiki, kuma gofi na jure ɗan gishiri. Ya gargaɗe ni cewa gishiri ba ya tashi da tururi, don haka in ƙara gwargwadon ruwan da na kwashe kawai, ba duk lokacin da na cike gurbin wanda zafi ya shanye ba.

Ana cikin haka taransifomar unguwarmu ta lalace. Ban taɓa tunanin wutar lantarki na da alaƙa da lamarin ba sai ranar. Matacin ya tsaya, ruwa ya daina ratsa soso, ƙwayoyin kuma ba sa rayuwa sai da iska. Daren farko na cire soson na sake shi a cikin akwatin, na zauna ina ɗibar ruwa da kofi ina kwararowa daga sama duk bayan ɗan lokaci har barci ya ɗauke ni. Janareta sa'a uku kawai muke kunnawa. Da gari ya waye na shiga kasuwa na samo ƙaramin famfon iska mai jonuwa da batirin cajin waya, da matacin soso da iska kaɗai ke tafiyar da shi. Kwana uku babu wuta. Da ta dawo, amoniya ta koma 1. Na rasa gofi ɗaya a wannan tsakani, mace, mai baƙar jela. Duk wanda zai ajiye kifi a ƙasar nan, ina ganin wannan famfon ya fi fitila da furannin roba muhimmanci, shi ya kamata a fara saya.

Amoniya ta sake sauka cikin kwana huɗu, amma naitirayit ta kafe. Kwana goma sha bakwai ina ganin shunayya kowace safiya. Na gaji da ɗaukar bokiti. Akwai ranar da na ce da maman yara ko in mayar wa Yaya sauran ukun a huta. Ta ce, "Ka kawo su nan, ka kai su ƙarshe." Sai a rana ta 36 na ɗiga, na jira, shuɗin ya tsaya a shuɗinsa. Ban yarda ba, na wanke bututun na sake. Haka. Na auna naitiret, wadda sai an girgiza kwalba ta biyu rabin minti, bututun kuma minti guda, in ba haka ba ta yi ƙarya. Ta nuna ruwan lemo, wajen 20. Na ci gaba da awo mako guda, na mayar da abinci kullum, sifili da sifili ba su motsa ba.

Na ɗauka an gama. Na ƙara gofi uku, na jira mako biyu ina awo, na ƙara biyu. Takwas ke nan, kuma ban ƙara sayen ko ɗaya ba. Amma gofi ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa, kusan duk wata, ashirin ko talatin a ciki ɗaya. Wasu iyayen na cinyewa, wasu su ɓuya a cikin ciyawar ruwan da na dasa. Kafin damina ta ƙare na daina iya ƙirga su. Amoniya da naitirayit na nan a sifili, don ƙwayoyin sun yaɗu tare da yawan kifin a hankali, amma naitiret ta haura. Duk mako in canza ruwa, kafin mako ya zagayo bututun ya yi ja, 80. Gansakuka ta rufe gilashi, ƙananan ba sa girma, da asuba in ga wasu a sama suna haki. Cunkoson da na fara da shi ya dawo ta wata ƙofa. Da na auna ruwan burtsatsen da mai garuwa ke kawowa sai na ga shi kansa yana da naitiret wajen 10, wato ba daga sifili nake farawa ba.

Na kwashe matan da 'ya'yan duka. Yaya ya ɗauki wasu, wani malamin makarantar su 'yata ya ɗauki saura. Shi ma sai da na yanko masa ɓangaren sosona, na sa ya jira mako uku yana kawo mini ruwa a kwalba ina aunawa kafin in ba shi kifi ko ɗaya. Ko mace guda ban bari ba, don macen gofi na ajiye maniyyi a jikinta, ta ci gaba da haihuwa watanni ba tare da namiji ba. Na bar maza tara. Su ne dama suka fi launi.

Da hunturu ya shigo ruwan ya sauka zuwa digiri 19 da asuba, suka yi lakwas. Gofi na son 22 zuwa 28. Na sayi ɗan abin ɗumama ruwa, in ba wuta kuma in lulluɓe akwatin da bargo da dare, in bar famfon iska na aiki.

Yanzu duk Juma'a da safe muke canza kashi ɗaya cikin huɗu. Sau ɗaya a wata in matse soso a cikin ruwan da na kwashe, a hankali, ba har ya yi fari ba. Ruwan bokitin gindin zogale yake tafiya, bishiyar kuma ta yi ganye fiye da kowace shekara. 'Yata ce ke ƙirga ɗigo yanzu, ita ke kara bututu da kati a bakin taga ta faɗi lamba, ni in rubuta. Littafin na biyu muke ciki. Bayan an sauko daga masallaci mukan wuce gidan kawunta. Mai farin goshin nan ya kai tsawon tafin hannuna, kuma in ta sa yatsa a ruwa shi ke fara zuwa.